Rajistar Aikin Nazarin Zakaran Ƙeƙuwa a Fadamar Nguru: Namiji Ɗaya, Mace Nawa?

8 ga Fabrairu, 2025

Wannan aiki yana neman amsar tambaya ɗaya: shin namijin zakaran ƙeƙuwa na fadamar Nguru yana zama da mace ɗaya ne har ƙarshen lokacin haihuwa, ko kuwa yakan haɗa mata biyu a yankinsa kamar yadda ɗan'uwansa na Turai yake yi? Nau'in da muka sa a gaba shi ne wanda masana ke kira Vanellus spinosus, mai baƙin kai da baƙin ƙirji, da farin kumatu da gefen wuya, da baya mai launin ƙasa, wanda ke da ƙaramar ƙaya mai tsini a gaɓar kowane fiffike. Duk mai bin bakin ruwa a nan ya san kukansa ko da bai san kamanninsa ba, domin shi ne ke fara tona asirin mai tahowa. Yana haihuwa tun daga Senegal har Habasha da Kenya, ya bi kogin Nilu zuwa Masar, har ya kai Turkiyya da Girka.

Tambayar tana da tushe. An daɗe ana ɗaukar nau'in Turai mai tukku, Vanellus vanellus, a matsayin tsuntsu mai mace ɗaya, har zuwa 1997 da aka wallafa bincike biyu, ɗaya daga yammacin Norwe ɗaya daga Teesdale a arewacin Ingila, waɗanda suka bi tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya suka gano cewa daga kusan kashi 20 zuwa sama da kashi 40 cikin 100 na mazan da ke riƙe da yanki suna da mace fiye da ɗaya. Namu na nan har yanzu ana lissafa shi cikin masu mace ɗaya, amma haka aka ce game da na Turai kafin a zauna a dube shi da kyau.

Wurin aikin shi ne wani ɓangare na gaɓar tabkin Nguru da bakin mashigin Marma, yankin da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliyar kogin Haɗejiya ya sauya, kacalla kuma ta cinye wurare da dama da a da suke fili. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin zakaran ƙeƙuwa ba ya yin sheƙa inda ciyawa ta tsare masa gani. Saboda haka muka zaɓi busasshiyar laka da ruwa ya janye ya bari, da gefen gonakin rani, da mashayar shanu. Ni da ɗalibai biyu ne ke aikin, kayan aikinmu kuma madubin hangen nesa ne da littafin rubutu da wayar da ke nuna wuri a taswira.

23 ga Fabrairu

Garken da muke gani a farkon wata ya fara watsewa, tsuntsaye sun koma bibbiyu, kowane biyu sun kama wani fage suna korar na kusa. Rikicin iyaka yana da tsari: tsuntsaye uku ko huɗu su tsaya cirko-cirko suna miƙe wuya, su ɗan buɗe fiffike har ƙayar ta bayyana, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan layin da babu mai ganinsa sai su, sa'an nan kowa ya koma nasa. Inda suke juyawa nan muke sa alama a taswira, da haka iyakokin ke fitowa a hankali.

Babbar matsalar aikin ta bayyana tun yanzu. A nau'in Turai ana gane namiji da dogon tukku da faɗin fiffike, a namu kuwa mace da namiji kamarsu ɗaya a ido. Dabarar da muka ɗauka ita ce mu jira lokacin barbara, mu ga wanda ya hau, sa'an nan mu nemi wata alama a jikinsa da za ta bambanta shi da abokiyar zamansa, kamar karyayyen gashi a fiffike ko yadda baƙin maƙogwaro ya haɗu da farin wuya. Kowane tsuntsu da aka gane yana da shafinsa da zanensa a littafi.

Fadamar nan kanta tana nuna yadda tsarin aure ya bambanta tsakanin tsuntsayen bakin ruwa. Akwai tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado, wanda macensa ta fi namiji girma, tana yi wa maza da dama ƙwai, kowane namiji ya yi kwanci ya yi reno shi kaɗai, har yakan ɗauki 'yan tsakinsa a ƙarƙashin fiffike. Akwai kuma baƙin hunturu, Calidris pugnax, da ke cika gonakin shinkafa a yanzu kafin su koma arewacin Turai da Saibiriya, inda maza ke taruwa a dandali guda suna nuna ado, mace ta zaɓa ta tafi, namiji kuma ba ya sanin inda sheƙa take. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne muke neman matsayin zakaran ƙeƙuwa.

9 ga Maris

Azumi ya sa mun mayar da yawancin zaman kallo zuwa safiya, kuma ya yi daidai, domin da hantsi ne ake ganin neman aure sosai. Namiji yakan kwantar da ƙirjinsa a ƙasa, ya ɗaga wutsiya sama, ya riƙa shure ƙasa da ƙafafu yana juyawa har ɗan rami ya fito. Mace ta matso ta tsaya kusa, shi kuma ya tashi ya koma gefe yana tsintar 'yan tsakuwa da guntun kara yana jefawa ta kafaɗarsa wajen ramin. Wani lokaci ta shiga ta gwada da ƙirjinta, wani lokaci ta wuce. A fage ɗaya mun tarar da irin waɗannan ramuka da dama, wanda ke nuna cewa namiji ne ke gabatarwa, mace ce ke yanke hukunci. Barbarar kanta ba ta wuce ɗan lokaci ƙanƙani, kuma sau da yawa takan biyo bayan an kori wani mai kutse.

Abin da ba mu gani ba yana da muhimmanci. Namijin Turai yana da wasan sama na musamman, yana tashi ya faɗo yana jujjuyawa gefe da gefe da kuka, kuma binciken da aka yi a Norwe aka wallafa a 1996 ya nuna cewa mazan da suka fi karkata jiki a wannan juyi sun fi samun mata. Namu yana tashi ne domin kora ko gargaɗi, nemansa na aure kuwa a ƙasa yake yin sa, a gaban mace guda. A ganina wannan alama ce ta farko, domin tsuntsun da ke tallata kansa ga kowace mace mai wucewa yana bukatar abin da za a hango daga nesa, wanda kuwa ya riga ya tsayar da abokiyar zama ba ya bukatarsa.

24 ga Maris

An sami sheƙa ta farko a gefen wata gonar albasa, a kan busasshiyar laka kusa da kandilo, da ƙwai biyu a ciki. Daga yau sunanta sheƙar albasa. Ƙwan ya kai kusan santimita 4 a tsawo, launinsa na ƙasa mai ɗigo-ɗigon baƙi, gefe ɗaya mai faɗi ɗaya mai tsini, kuma mutum yana iya tsayawa taku biyu daga gare shi bai gan shi ba. Hanyar samun sheƙa ita ce a zauna nesa a bar tsuntsu ya manta da mutum, domin idan ya hango mai tahowa yakan sulale daga kan ƙwai a guje, kansa a ƙasa, sai ya yi nisa sa'an nan ya fara kuka. Wani lokaci ma yakan tsuguna a wurin da babu komai kamar mai kwanci, domin ya ja ido zuwa can.

Mun tsayar da ƙa'idojin ziyara. Ba a zuwa sheƙa da tsakar rana, ba a zuwa idan hankaka yana kusa, ba a daɗewa, kuma alamar da muke kafawa tana nesa da sheƙar da taku da yawa. Idan an tarar da sheƙar da ta riga ta cika, ana sa ƙwai ɗaya a kofin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci: sabon ƙwai yana kwanciya a ƙasan kofi, wanda aka fara kwanci a kansa yana ɗaga gefensa mai faɗi, wanda ya yi nisa yana miƙewa tsaye, na dab da ƙyanƙyashewa kuwa yana tasowa saman ruwa, saboda iskar da ke cikinsa tana ƙaruwa yayin da ɗan tsako ke girma. Wajen lissafin nasarar sheƙu za mu bi hanyar da masanin tsuntsaye Harold Mayfield ya gabatar a 1961, wadda ke ƙidaya kwanakin da kowace sheƙa ta yi a ƙarƙashin kulawa, domin sheƙun da suka lalace da wuri ba a cika samun su ba, kuma ƙidayar kai tsaye tana sa nasara ta fi gaskiyarta yawa.

30 ga Maris

Sheƙar albasa ta cika ƙwai huɗu, tsininsu duka yana kallon tsakiya, yadda suka haɗu suka zama dunƙule ɗaya da cikin tsuntsu zai iya rufewa. An sami wata a mashayar shanu, da wasu biyu a wani ɗan tsibirin laka. Yau Sallah, ba a yi zaman kallo ba.

8 ga Afrilu

Bazara ta kankama, kuma yanzu ne aikin ya kai inda nake ganin amsar take. A wannan wata zafin Nguru yakan haura digiri 40 a inuwa, fuskar ƙasar da rana ke duka kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Ɗan tsakon da ke cikin ƙwai yana girma ne a zafin da ke kusa da digiri 37, kuma idan ya haura 42 ya daɗe a haka, mutuwa yake yi. Ke nan daga hantsi zuwa la'asar aikin iyaye sanyaya ƙwai ne, ba ɗumama shi ba.

Mun kafa 'yar rumfar zana nesa da sheƙar albasa muka zauna tun kafin rana ta yi zafi, domin kada zuwanmu ya tayar da mai kwanci. Da sassafe tsuntsu yakan bar ƙwai ya tafi kiwo na ɗan lokaci ba tare da damuwa ba. Da rana ta take kuwa ba mu ga an bar sheƙar a buɗe ba sai daidai lokacin musanya, shi ma wanda zai karɓa yana isowa kafin na kai ya tashi. Mai kwanci yakan buɗe baki yana haki, maƙogwaronsa na kaɗawa, ya tayar da gashin bayansa domin iska ta shiga, wani lokaci ya ɗan ɗaga jiki ya tsaya a kan ƙwan yana yi musu inuwa. Wanda aka karɓa yana zarcewa bakin ruwa, ya sha, ya tsoma cikinsa, kuma mun ga mai dawowa ya zo da gashin ciki a jiƙe ya kwanta da shi a kan ƙwai. An rubuta wannan ɗabi'a ta jiƙa ciki a wasu 'yan'uwansa na Afirka da Indiya, kuma tana bayyana dalilin da ya sa duk sheƙun da muka samu ba su yi nisa da ruwa ba. Musanya ta fi yawaita a tsakiyar rana fiye da kowane lokaci, namiji kuma yana ɗaukar rabonsa cikakke.

Idan aka ajiye wannan kusa da abin da aka sani game da nau'in Turai, bambancin yana fitowa fili. A can mace ce ke yin mafi yawan kwanci, musamman da dare, kuma idan ta tashi ta bar ƙwai na ɗan lokaci sanyi kawai zai taɓa su, ƙwai kuwa yana jure sanyi fiye da yadda yake jure zafi. Saboda haka macen da mijinta ya raba hankalinsa gida biyu tana iya ƙyanƙyashe ƙwanta ko da taimakonsa ya ragu. A nan tsuntsu ɗaya ba zai iya zama a kan sheƙa daga hantsi zuwa la'asar ba tare da ya sha ruwa ba, kuma ba zai iya tashi ya bar ta ba. Namiji ɗaya ba zai iya karɓar mata biyu a kan kwanci a sa'a guda ba. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan wani ƙaramin dangin wannan tsuntsu a Abu Dabi ya sami irin haka: yayin da zafi ke ƙaruwa, iyaye biyu suna ƙara haɗa kai a kan sheƙa suna yawaita musanya. Hasashen da nake aiki da shi yanzu shi ne rana ce ke tsare namijin Nguru a kan mace ɗaya, kuma duk abin da za mu tattara daga nan ya kamata ya zama gwaji ga wannan hasashe.

15 ga Afrilu

Sheƙun tsibiri biyu sun ba mu gwajin farko. Suna kusa da juna fiye da yadda muka saba gani, kuma sau da yawa tsuntsaye uku kawai ake gani a wurin, biyu a kwance ɗaya a tsaye yana gadi. Wannan shi ne ainihin hoton da masu binciken Turai suka bayyana na namiji mai mata biyu. Gwajin ƙwai a ruwa ya nuna cewa ɗaya sheƙar ta girmi ɗayar da kusan mako guda, wanda shi ma ya yi daidai da tsarin uwargida da amarya, inda ta biyu ke zuwa bayan ta farko ta fara kwanci.

Akwai bayanin da masana suka daɗe suna amfani da shi a nan, wanda Gordon Orians ya tsara a 1969: mace tana iya zaɓar zama ta biyu a yanki mai albarka a kan zama ita kaɗai a yanki maras kyau, idan ribar wurin ta fi asarar rabon taimakon namiji. Tsibirin kuwa wuri ne mai kyau, ruwa ya kewaye shi, shanu da karnuka ba sa isa. An kuma nuna a Hangari a 1997 cewa macen farko ta nau'in Turai ba ta karɓar wannan da daɗi, tana kai wa duk macen da ta shigo yankin hari, har da mutum-mutumin mace da masu bincike suka ajiye. Akwai kuma hanya ta uku da ya wajaba mu buɗe wa ƙofa: a Birazil, nau'in Kudancin Amurka, Vanellus chilensis, yakan yi zaman manya uku ko fiye a kan sheƙa ɗaya suna tsaronta tare, kuma gwajin ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ba kowane ɗan tsako ne ɗan namijin da ake zato ba.

Mun raba aikin: ɗalibi ɗaya ya tsare sheƙar gabas da ido, ɗaya ta yamma, ni kuma ina bin duk tsuntsun da ya tashi har inda ya sauka. Da rana ta yi zafi aka yi musanya a sheƙun biyu kusan lokaci guda, kuma waɗanda suka karɓa sun fito ne daga wurare dabam. Daga baya shirwa ta ratsa ta saman tsibirin, tsuntsaye huɗu suka tashi mata, bayan ta wuce biyu suka koma gabas biyu yamma, har mazan suka yi ɗan tsayuwar iyaka a tsakiya. Na huɗun da ba a cika gani ba yana kiwo ne a bayan kacalla, inda ba a hango shi daga rumfarmu. Ma'aurata biyu ne maƙwabta, kowa da sheƙarsa. Hasashen ya tsallake gwajin farko, kuma mun ƙara ƙa'ida: ba za a rubuta adadin manyan da ke wata sheƙa ba sai an ga musanyar tsakar rana, ko an ga duk sun tashi wa maƙiyi.

22 ga Afrilu

Sheƙar albasa ta ƙyanƙyashe, bayan kwancin da ya faɗa tsakanin makonni uku zuwa huɗu da aka sani ga wannan nau'i. Tun kwana biyu kafin haka ƙwan suka fara tsagewa, ana jin ƙaramin kuka daga ciki. Da kowane ɗan tsako ya fito, ɗaya daga cikin iyayen yana ɗaukar ɓawon a baki ya tashi ya yar da shi nesa, domin farin cikin ɓawo yana jawo idon hankaka. 'Yan tsakin suna fitowa da gashi da buɗaɗɗen ido, kuma cikin yini guda suka bar sheƙar suna tsintar ƙananan ƙwari da kansu. Iyaye ba sa ba su abinci a baki. Aikinsu shi ne jagora zuwa laka mai danshi, da yin inuwa, da gadi.

Rabon aikin a bayyane yake: ɗaya yana kusa da 'yan tsaki, ɗaya yana tsaye a ɗan tudu. Da mai gadi ya yi kukan gargaɗi, 'yan tsakin suna lafewa a ƙasa ba motsi, har sai an yi musu wani kukan dabam. Mun ga iyayen biyu sun taso wa guza, suna saukowa kansa ɗaya bayan ɗaya, har ɗaya ya sauka gabansa ya buɗe fiffike duka biyu ƙayoyin a waje, guzan ya juya ya shiga ruwa. Zafin faɗansu ya ninka na lokacin kwanci, yanzu ko akuya ba sa bari ta matso.

2 ga Mayu

An rasa sheƙar mashaya. Sawun kofato ya bi ta kanta, ƙwan duka sun fashe. Mun sami dattijon da ke kula da garken, muka gaisa, na ce masa, Baba, mun zo roƙon arziki ne, sa'an nan na nuna masa wurin. Ya san tsuntsun sarai, ya kuma bayyana mana cewa yakan buɗe fiffike a gaban saniya har ta kauce, amma idan garke ya taho da ƙishirwa a matse babu abin da ke tsayar da shi. Ya yarda yaransa su riƙa shigar da shanun ta gefen yamma idan mun nuna musu inda wata sheƙar take.

Ba na ɗaukar shanu a matsayin abokan gaba a wannan aiki, domin kiwonsu ne ke rage ciyawa har fili ya samu, kashinsu kuma yana tara ƙwarin da tsuntsun ke ci. Haka abin yake ga wani ɗan'uwansa da ke dab da ƙarewa, Vanellus gregarius, wanda ke haihuwa a Kazakistan kusa da ƙauyuka inda dabbobi suka cinye ciyawa, wasunsa kuma suke zuwa Sudan su yi hunturu. Dabbar da ke gyara masa wurin sheƙa ita ce kuma ke taka ƙwansa, kuma abin da ke raba biyun shi ne yawan garke da hanyar da yake bi.

17 ga Mayu

Mun ɗan fita daga fadama zuwa fako domin duba ɗayan nau'in, Vanellus tectus, mai siririn tukku da jan baki da jajayen ƙafafu, wanda ke zaune a busasshiyar ƙasa nesa da ruwa. Da rana yakan tsaya a inuwar ƙaya, ya fi yin kiwo da dare, kuma ƙwansa biyu ne ko uku. Mun sami sheƙa ɗaya a fili tsakanin 'yan tsakuwa, tsuntsaye biyu suna musanya a kanta. Wannan nau'in zai zama gwaji mafi tsanani ga hasashenmu, domin yana fuskantar rana ɗaya da na fadama ba tare da ruwan jiƙa ciki a kusa ba, don haka bukatarsa ga abokin musanya ya kamata ta fi ƙarfi. Na sa shi cikin shirin baɗi a matsayin sashe mai zaman kansa.

4 ga Yuni

Shamuwa ta daɗe da isowa, an kuma sami ruwan farko mai ƙarfi. Ma'auratan mashaya sun sake yin ƙwai a wani ɗan tudu da bai yi nisa da wurin farko ba, kuma bisa zanen da ke littafinmu, namijin nan ne mai karyayyen gashi a fiffiken hagu, tare da mace mai irin alamar wuyan ta farko. Asarar sheƙa ba ta raba su ba. Wannan ya dace da tsuntsu mai riƙe abokin zama.

Sauyin yanayi ya buɗe wata dama da ban so ta wuce mu. A ranakun hadari zafin tsakar rana yana sauka sosai, kuma a sabuwar sheƙar mun ga an bar ƙwai a buɗe da rana na ɗan lokaci, abin da ba mu gani ba a Afrilu. Idan rana ce kaɗai ke hana namiji ƙara mace, to a sheƙun damina ne ya kamata a sami mai mata biyu, idan akwai shi. Idan kuwa har a damina kowane namiji yana nan da mace ɗaya, sai a nemi ƙarin dalili a wajen tsaro, wato yawan hankaki da shirwa da guza da ke sa renon 'yan tsaki ya fi ƙarfin tsuntsu ɗaya. Mun mayar da zaman kallo kan duk sheƙar da aka fara bayan saukar ruwa.

20 ga Yuni

Biyu daga cikin 'yan tsakin sheƙar albasa sun tashi sama, bayan kusan makonni takwas da ƙyanƙyashewa, wanda ya fi na nau'in Turai tsawo, domin shi yakan tashi cikin kwana 35 zuwa 40. Har yanzu suna bin iyayensu, kuma iyayen biyu suna nan tare. Tsawon wannan reno shi ma yana cikin lissafi: daga ƙwan farko zuwa tashin 'ya'ya an ci kusan wata uku, duk a cikinsu namiji yana da aikin yi kowace rana.

Matsayin aikin a yau shi ne, a duk sheƙun da muka bi, manya biyu ne ke kwanci da gadi, kuma wurin da ya yi kama da gidan mata biyu ya tabbata maƙwabta ne. Wannan shaidar ido ce a kan zaman tare. Gashin da muke gane tsuntsu da shi zai zube idan ya sake gashi, don haka bin ma'aurata daga shekara zuwa shekara yana bukatar zoben launi a ƙafa, sanin uban kowane ɗan tsako kuma yana bukatar ɗigon jini da gwajin ƙwayoyin gado, kamar yadda aka yi a Birazil. Na fara rubuta takardar neman izini da neman ƙwararren mai sa zobe, da nufin a kama manya a kan sheƙa da tarkon waya a sanyin safiya, a ajiye ƙwan gaske a gefe a sa na roba har a gama. Bayanan wuraren haihuwa da muka tara za a aika su ga shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos ke jagoranta.

Kafin ruwa ya rufe hanyar tsibiri, saura a auna tazarar kowace sheƙa daga bakin ruwa da daga maƙwabciyarta, a kuma samo ƙananan ma'aunan zafi da za a binne a gefen sheƙa da kuma a fili kusa da ita, domin baɗi a iya kwatanta zafin da ƙwai ke ji da wanda ƙasa ke ji sa'a bayan sa'a. Sabuwar sheƙar mashaya ana sa ran ƙyanƙyashewarta a ƙarshen wannan wata, kuma ɗaliban za su ci gaba da zaman tsakar rana a kanta har zuwa lokacin.